Confundere a Gidan Malamin Latin

Aikin wankin ciwo ne ya kai ni Rayfield. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da unguwarmu, Anguwan Rogo, kuma ranakun da ba ni da aiki likitanmu kan tura ni gidajen marasa lafiyar da zuwa asibiti ke yi musu wuya. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai ciwon suga, wadda gyambo ya fito mata a dunduniya ya ƙi warkewa. Ita da mijinta kaɗai ke zaune a wani tsohon gida mai jan rufi da murhun jin ɗumi a falo, irin gidajen da Turawan haƙar kuza suka bari. 'Ya'yansu duk sun watse, wasu suna Abuja, ɗaya tana ƙasar waje. Ina kiransu Baba da Mama, su kuma suna ce mini Sista, yadda ake kiran duk mai farin kayan asibiti a garin nan.

Kiristoci ne, 'yan asalin duwatsun nan. Baba dogo ne siriri, kullum cikin suwaita mai maɓallai, ko da rana ta take. Ya koyar da harshen Latin a wata makarantar mishan har zuwa lokacin da aka daina koyar da shi, sannan ya koma aikin ofis har ya yi ritaya. Hausarsa irin ta Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Mutumin da zai iya jera maka yadda kalmar Latin guda ke juyawa har ka gaji, shi ne zai tarbe ni a ƙofa ya ce, "Mama ya ƙi cin abinci yau." A nan zan rubuta maganarsa da tawa Hausar, domin ba zan iya kwaikwayonsa daidai ba. Mama kuwa, ban da ƙafa, tunaninta ya fara barinta. Wata rana ta gaishe ni da kyau har ta tambayi yara, wata rana ta kalle ni kamar yau ta fara ganina.

Ranar da abin ya faru da damina ne. An wayi gari da yayyafi da sanyin nan mai shiga ƙashi. Na ba ɗiyata nono, lokacin ba ta daɗe da fara dafa bango tana tsayuwa ba, na miƙa ta ga Inna, uwar mijina, na ce zan dawo kafin azahar. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa cikin gari, daga can na shiga tasi. Na lura cewa motocin kayan gwari da suka saba fitowa daga Farin Gada babu ko ɗaya a hanya, amma ban kawo komai a raina ba.

Ina tsakiyar wanke ƙafar Mama wayata ta yi ta ƙara a cikin jaka. Hannuna da safar roba, don haka ban ɗauka ba sai da na gama naɗa bandeji. Maigidana ne. Tela ne, shagonsa a bakin titi, kuma ina jin ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ja a bayansa. Ya ce mutane na gudu, an hango hayaƙi, kowa da abin da yake faɗa game da yadda rigimar ta fara. Ya ce yara suna gida, Inna ta kulle ƙofa.

"Ki zauna inda kike," in ji shi. "Ko ƙofa kada ki leƙa sai na kira ki."

Kafin la'asar rediyo ya sanar da dokar hana fita, ba dare ba rana, sai abin da hali ya yi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyon, ya ce ɗakin babbar 'yarsu babu kowa kuma akwai bargo. Ya ɗauko wani tsohon littafin taswira ya duba, ya nuna mini kusurwar da zan fuskanta in zan yi salla, ya kawo mini sabon tawul in shimfiɗa. Matar da ke yi musu girki zuwa take yi ta koma, ita ma dokar ta tsare ta a unguwarsu. Muka zama mu uku a gidan.

Ni da na tashi a Anguwan Rogo, inda tarin maƙwabci ma kana jinsa ta bango, ban taɓa sanin shiru na iya danne mutum haka ba. A Rayfield ko a ranakun lafiya ba ka jin komai sai iska a cikin dogayen itatuwa da haushin kare daga nesa. Yanzu ko motar da kan wuce jefi-jefi babu. Katangar gidan doguwa ce, da waya mai ƙaya a samanta. Iyakar tafiyata daga ƙofar kicin zuwa gindin gwaiba ne, in juyo. Baba ya roƙe ni, yana kallon ƙasa don kunya, kada in matsa kusa da get da hijabi, saboda akwai rata a ƙasansa kuma ba a san wa ke wucewa ba.

Jikina bai san da wata doka ba. Kafin magariba nono ya cika ya yi tauri, ya jiƙa mini farar rigata. Na shiga banɗaki na tatse a kwamin wanke hannu, na buɗe famfo ya tafi. Bayan 'yan sa'o'i ya sake cika. In na kira gida sai in ji kukan yarinyar kafin in ji muryar Inna. Inna ta ce ta dama mata kunu ta ƙi, an ba ta shayi ta tofar. Ta ce in kwantar da hankalina, yunwa za ta sa ta karɓa. Aka ɗauke wuta tun yammacin farko ba a dawo da ita ba, sai ya zama cajin waya a motar Baba nake yi. In shiga garejin, in tayar da injin, in zauna a kujerar gaba ina kallon bango, motar na rawa a ƙarƙashina ba ta zuwa ko'ina.

Da safe na wanke kayana na shanya, Baba ya buɗe mini akwatin Mama ya ce in zaɓi abin da zai yi mini. Na ɗaura zaninta, na sa wata suwaita tata, na ɗaure kaina da ɗankwalinta. Haka na shiga ɗakinta da ruwan ɗumi. Tana ganina ta miƙe zaune, fuskarta ta washe yadda ban taɓa gani ba, ta kira wani suna, ta shiga magana da yarensu da sauri tana dariya. Na waiwaya, Baba na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce sunan ƙanwarta ne, wadda zazzaɓi ya kashe tun suna 'yan mata a wani barikin kuza, tun kafin a yi aurensa da Mama. Na amsa wa Mama da Hausa, ita ma ta juya Hausa ba tare da ta lura ba, domin a barikin da Hausa suka tashi. Ta tambaye ni ina na tsaya haka, ko layin famfo ne ya yi tsawo.

Daga ranar ba ta sake sakin gefen zanina ba. Da ƙafar da na hana ta takawa take ɗingisawa ta bi ni kicin. In na shiga banɗaki ta tsaya a ƙofa tana ƙwanƙwasawa. In na tayar da salla ta zauna a gefen tawul tana jira, wani lokaci ta gyara mini ɗankwali ina ruku'u. Katanga ta tsare ni a gidan, ita kuma ta tsare ni a cikin gidan. Ina jin tausayinta, amma akwai lokutan da nakan ji kamar in fizge zanin in yi ihu.

Maganar Latin ta taso ne daga waya. Na kira likitanmu saboda allurar sugarta ta kusa ƙarewa, ga firiji ya mutu. Da ya tambayi yadda take, sai na ce masa da Turancin da muke rubutawa a katin mara lafiya, ta ƙara zama confused, wato ta ƙara rikicewa. Baba na zaune a teburin kicin yana feraye dankalin Turawa. Da na ajiye wayar ya tambaye ni ko na san daga inda kalmar ta fito. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban damu in sani ba. Bai lura ba, ko kuwa ya lura ya share. Ya ajiye wuƙa, ya jawo kwano, ya ɗauki kofin baƙin shayi a hannu ɗaya, gwangwanin madara a ɗaya, ya zuba su tare.

"To, Sista, raba mini su."

Na ce ba za su rabu ba. Ya ce shi ke nan na gane darasin. Kalmar ita ce confundere. Fundere shi ne zubawa, kamar yadda ake zuba ruwa, ko a narkar da ƙarfe a zuba shi. Con kuma shi ne tare. A zuba abu biyu wuri guda har a kasa gane wanne ne wanne. Ya ce tun asali ba maganar ƙwaƙwalwa ba ce, maganar kwano ce, daga baya ne aka ɗauke ta aka kai ta kan tunanin mutum. Ya ce da yana koyarwa, da tawada da ruwa yake nuna wa ɗalibai, kuma yakan ce musu kada su yi mamaki, Bahaushe ma haka ya yi: da kalmar da yake dama fura da kunu, da ita yake cewa abu ya dame shi, har ya samu damuwa.

Ni dai madarar nake kallo tana bin shayin, ƙirjina na zafi. A raina na ce, ɗiyata na can tana kuka, gari na ci da wuta, tsohon nan yana koya mini yaren mutanen da suka mutu tun tuni. Amma ba inda zan je. Na zauna.

Ya ce abin da yake so in riƙe shi ne, a cikin kwanon nan babu abin da ya ɓata. Shayin na nan, madarar na nan. Haka kan Mama yake. Ƙanwarta na ciki, barikin na ciki, 'ya'yanta da jikokinta na ciki, ni ma ina ciki, an dai zuba mu wuri guda. Shi ya sa ba ya gyara mata magana in ta kira wani da sunan wani. Sannan ya ce kalmar tana da fuska biyu, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Confundit, yana zubawa, shi ne mai aikin. Confunditur, ana zuba shi, a kansa aikin ya faɗa. 'Yan haruffa ne tsakaninsu. Ya sa na maimaita, na maimaita don a wuce wurin.

Washegari da hantsi aka buga get. Ina tsakar gida ina shanya tsummokin da na tafasa, domin bandeji ya ƙare, tsohuwar singiletin Baba muka yayyanka. Mama na riƙe da zanina. Kafin in gudu ciki Baba ya riga ya buɗe ƙaramar ƙofa. Wani maƙwabcinsu ne, mai jiki, da sanda a hannu. Ya ce mutanen layin sun haɗu sun yanke shawara a san duk wanda ke kowane gida, saboda ana raɗe-raɗin an shigo da baƙi unguwar. Yana magana idonsa na kaina. Ba hijabi a jikina, zanin Mama ne da ɗankwalinta. Mama ta jawo ni gaba tana murmushi ta ce masa ƙanwarta ce, daga bariki ta zo.

Na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya kawo mafita ta bakin tsohuwa. Mutumin ya juya ga Baba yana jiran ya tabbatar.

"Nas ɗinmu ce," in ji Baba. "Daga Anguwan Rogo take zuwa. Musulma ce, doka ce ta rutsa da ita a nan. Baƙuwata ce har ranar da za a buɗe hanya."

Maƙwabcin ya daɗe yana kallona. Ya gyaɗa kai ya fita, Baba ya mayar da sakata.

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba, amma ranar na kusa. Na bi shi falo. Na ce masa tun shekaranjiya matarsa ke kirana da sunan matacciya bai ce uffan ba, sai yau da sunan zai yi mini amfani ne ya tuna da gaskiya. Na ce ina da yara. Ya bari na gama. Sannan ya ce Mama ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa, ita zuba ta aka yi. Shi kuwa da ya ce e, da shi ne mai zubawa da hannunsa. Ya ce kuma mutumin ya sha ganina da hijabi ina sauka daga tasi. Da ya kama su da ƙarya, da ya tafi yana tunanin akwai abin da ake ɓoyewa a gidan, kuma irin wannan tunanin ne ke tara mutane a ƙofar gida.

Ban yarda da shi ba a lokacin, har yau ma ban gama yarda ba. Na wuni ranar kunnena na kan get. Ko ganye ya faɗo kan rufi sai in leƙa taga. Na duba bayan gidan ko akwai inda zan haura, na ga ko na haura gidan wani zan faɗa. Na sa takalmina na zauna da shi a ƙafa. Na rubuta wa maigidana saƙo in ce ya yafe mini, na goge ban aika ba. Babu wanda ya zo. Ba a zo ranar ba, ba a zo washegari ba, kuma ban taɓa sanin abin da maƙwabcin ya je ya faɗa ba.

Kwanakin suka shiga juna. Dankali da ƙwai, gwaten acca, dankali kuma. Akwai kaji a firiji da suka fara narkewa, Baba ya dafa musu, ni ya ce ba zai matsa mini ba tunda bai san wanda ya yanka ba. Rediyo na ta cewa an shawo kan lamarin, maigidana na cewa har yanzu ana jin harbi ta wajen gada. Inna ta ce yarinyar ta fara karɓar kunu, na yi hamdala, na kashe wayar na yi kuka a cikin mota. Nonon ya fara raguwa da kansa.

Baba kuwa ya samu ɗaliba da ba za ta iya guduwa ba. Yana wanke kwanuka ina ɗaurayewa, yana ba ni sauran hanyoyin da ake amfani da kalmar. In mayaƙa sun yi sahu aka tarwatsa su har ba a san na gaba da na baya ba, ita ake faɗa. In fuskar mutum ta lalace har 'yan uwansa suka kasa gane shi, ita ce. In an yi yarjejeniya wani ya zo ya wargaza ta, ita ce dai. A Latin na coci kuma ta koma nufin a kunyata mutum. Ya ce mahaifinsa ya yi aikin kuza, ya taɓa kai shi inda ake narkar da ita yana yaro, kuma duk lokacin da ya karanta fundere wannan farin ruwan ƙarfen yake gani. Na ce masa kakana ma kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano. Ya tambayi barikin, na faɗa, ya ce ba nisa da na su Mama. Sannan ya miƙo mini tukunya.

Wata rana bayan azahar Mama ta yi barci a kujera, na samu na zare zanina. Na tarar da Baba a ɗakin littattafansa, ba karatu yake ba, yana zaune ne kawai. Ya ce in zauna. Ya ce ni aƙalla Mama ta ba ni suna. Shi ta daɗe ba ta kira sunansa ba. Wani lokaci ta ɗauke shi fasto, wani lokaci mai gyaran famfo, yawanci dai wani mutum ne mai kirki da ke zaune a gidan, tana yi masa godiya in ya ba ta magani. Ya cire tabarau yana gogewa da gefen suwaita. Ya ce lokacin da ƙanwar take raye ya riga ya fara zuwa zance barikin, yana sabon malami, da keke. In a wancan lokacin Mama take zaune yanzu, to shi ma yana ciki. Ya roƙe ni in tambaye ta, a matsayin ƙanwarta, me take gani game da malamin nan mai keke.

Na kalle shi. Shi ne mutumin da ya ƙi cewa e ranar da raina ke cikin haɗari, ga shi yanzu yana so in yi ƙarya dominsa. Ya san abin da nake tunani, bai kare kansa ba. Ya ce in ba zan iya ba, ba komai.

Da ta farka na zauna a ƙasa gabanta na ɗora ƙafarta a cinyata ina kwance tsumman. Baba ya tsaya a bayan ƙofar falo inda ba za ta gan shi ba. Na kira ta Yaya, karo na farko da na amsa matsayin da bakina. Na ce malamin nan mai keke da ke zuwa, yaya ake ciki da shi. Ta rufe baki da hannu tana dariya kamar yarinya. Ta ce surutunsa ya yi yawa, ko gaisuwa aka yi sai ya faɗi asalin kalmar. Ta ce wandonsa ya ɗage masa, ƙafafunsa kamar na zalɓe. Sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"Amma shi zan aura. In yana magana ba na jin tsoron komai. Kada ki faɗa a gida tukuna."

Na ce ba zan faɗa ba. Na gama wanke ciwon, na naɗe. Da na fito Baba ba ya bayan ƙofar. Na same shi a gindin gwaiba ya ba gidan baya. Na tsaya nesa kaɗan. Bai juyo ba ya ce akwai siffar kalmar da bai koya mini ba, ta abin da ya riga ya wuce, in mutum na faɗa da bakinsa. Confudi. Na zuba. Ya ce ya gode, Sista. Na koma ciki domin Mama ta fara kira.

Da aka sassauta dokar, 'yan sa'o'i aka bayar da safe don mutane su nemi abinci. Na sa farin kayana da hijabina, na rataya katin aikina a wuya yadda za a gani daga nesa. Mama ta ga hijabin ba ta damu ba, har yanzu ƙanwarta take gani. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce ba inda zan je, wancan karon ma haka na ce zan dawo. Lokaci na tafiya. Na ce mata famfo zan je, layi bai yi tsawo ba yanzu. Ta ce in ɗauki babban bokiti. Sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Baba ya kulle ta a ciki, abin da ya ce bai taɓa yi ba, muna jin tana buga ƙofa har muka fita get.

Ya tuƙa a hankali, hannu biyu a sitiyari. A kowane shinge sojoji su leƙo, su ga tsoho da suwaita da mace da hijabi, su karanta katina, su ɗaga hannu. Tituna duk duwatsu da toka. Da muka kusa cikin gari ya tsaya a wata mahaɗa ya ce iyakarsa ke nan, daga nan gaba shi ne zai zama baƙo. Na sauka. Na ce masa a riƙa tafasa tsumman da gishiri, kada ta taka ƙafar. Ya ce to. Ya juya motar da sauri saboda wadda ya kulle. Na taka sauran hanyar da ƙafa, maigidana na jirana a bakin unguwa.

A gida manyan yaran suka rungume ni. Ƙaramar tana bayan Inna. Na kwance ta na zauna na ba ta nono, ta kalle ni, ta kawar da kai, ta miƙa hannu wajen Inna. Na gwada da yamma, na gwada washegari, ba ta sake karɓa ba. Inna ta ce ta yaye kanta, a bar ta.

Maigidana ya ce ba zan sake zuwa Rayfield ba, ban yi masa musu ba. Likita ya tura wani abokin aikina wanda unguwarsu ta fi kusa da can. Bayan wasu makonni, da gari ya lafa, Baba ya kira ya ce 'ya'yan sun matsa za su ɗauke su zuwa Abuja, ƙafar ta ƙi, ana maganar tiyata. Na roƙi maigidana, ya kai ni da kansa a keke mai ƙafa uku na wani abokinsa, ya jira a waje.

An ɗaure littattafan a kwalaye, falon ya yi faɗi. Mama na zaune a keken guragu da bargo a gwiwa, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da ladabi, ta dube ni da kyau, ta dubi Baba. Ba ta kira ni Sista ba, ba ta kira wancan sunan ba. Ta ce masa an yi baƙuwa, a kawo mata ruwa, da alama daga nesa take. Baba ya tafi kicin ya dawo da kofi a kan faranti. Na karɓa na sha, tana kallona har na shanye, sannan ta tambaye ni ko mutanen gidanmu suna lafiya. Na ce lafiya lau suke.